Bayan riga

A Bukoki, daf da kasuwar Katako, malamin ɗinkin hannu yakan duba bayan riga kafin gabanta. In zare ya harɗe ƙarƙashin aska takwas, sai ya sa yaronsa ya warware aikin kwana uku. Shin wannan adalci ne? Mai riga ba zai gani ba, sallar layya ta matso, masu keken surfani kuma sun yi gaba da ciniki. Yaron ma kuɗin abinci yake jira. Duk da haka ina bayan malam. Harɗaɗɗen zare shi ke fara tsinkewa wajen bugu, a lokacin kuwa an biya kuɗi, riga ta bar gari, mai ita ba shi da wurin kai kuka.