Bashin Mota: A Ɓuya Ne, Ko a Fito?

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Zabura 37:21, Maimaitawar Shari'a 24:6

A unguwannin Zango na Kumasi, irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, gidaje da yawa a kan ƙafar mota suke cin abinci. Wani yana jan tasi, wani tirotiro, wani kuma keke mai ƙafa uku da ake ce wa piragiya. Da yawa cikinsu ba su gama mallakar abin da suke tuƙawa ba. Waɗansu sun ci bashin banki, waɗansu kuma sun shiga tsarin nan na yi aiki ka biya: mai kuɗi ya sayi mota, direba yana kai masa kuɗi kowane mako har shekara biyu ko uku, sa'an nan motar ta zama tasa. In ya kasa a tsakiya, za a iya karɓe ta.

Tambayarmu ta yau ita ce: in mutum ya kasa biya, ya halatta ya ɓuya har Allah ya kawo masa buɗi?

Da farko, mu sani kasawa ba zunubi ba ce. A shekarar 2022 kuɗin man fetur a Gana ya ninka fiye da biyu, sidi ya faɗi ƙwarai, tsadar kaya kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. A 2023 Babban Bankin Gana ya kai ruwan bashinsa kashi 30 cikin ɗari. Direban da ya yi alkawari kafin wannan, ya yi shi ne da lissafin da ya rushe ba da laifinsa ba. Gwauruwar da ta zo wurin Elisha ma, mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu ya bar bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Amma kasawa dabam, ɓuya dabam. Mun san yadda ake yi. A kashe waya. A canza tasha. A kwanar da mota a gidan aboki. A kai ta Suame Magazin a cire na'urar da ke nuna inda take. A koya wa yara su ce Baba ba ya nan. Mai yin haka yakan ce, "Ai ba hana shi na yi ba, lokaci nake nema." To, lokacin nan na wa ne? Mai bashi ne yake da ikon ba da shi. Wanda ya ɗauka ba tare da ya roƙa ba, ya ɗauki abin da ba nasa ba. Zabura 37 ta sa mai ci bashi ya ƙi biya a layin mugaye, ɓuya kuwa ita ce hanyar da ke kai mutum can.

Wani zai ce, "Fasto, in na je na faɗi gaskiya, a ranar zai karɓe makulli, 'ya'yana su kwana da yunwa." Wannan tsoro ba na wasa ba ne, ba kuwa wanda zai yi maka alkawari cewa ba za a karɓe ba. Amma ka duba. Ɓuya ba ta rage ko sidi ɗaya, ruwa da tara sai ƙaruwa suke yi. Dokar masu ci da masu ba da bashi ta Gana, ta shekarar 2020, ta ce sai an ba ka sanarwa tukuna. Bayan wa'adin ya wuce, mai bashin da ya yi rajistar jinginarsa yana iya karɓar kayan ba sai ya je kotu ba. Kwanakin sanarwar nan su ne damarka, mai ɓuya kuwa a banza yake ƙone su. Ga kuma sunanka, wanda ya fi mota tsada. A Zango, direban da aka sani da gudu, wa zai sāke miƙa masa makulli?

Ku lura da abin da gwauruwar ta yi. Ta fito ta faɗi halin da take ciki. Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai kaɗan. Da Allah ya sa albarka, aka umarce ta ta sayar ta biya bashin tukuna, sa'an nan su ci saura. Mu'ujizar ba ta soke bashin ba, hanyar biya ta buɗe.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka je tun ranar biya ba ta zo ba. Ka riƙe abin da ka samu, ko rabi ne. Ka nuna lissafinka na mai da gyara. Ka roƙi a rage na mako, a ƙara watanni. Ka tafi da dattijo, ko shugaban tasharku, ko dattijon ikkilisiya, abin da aka shirya kuma a rubuta. Kada ka ci sabon bashi mai ruwa mai yawa don ka toshe tsoho. In ka ga ba za ta yiwu ba, ka nemi izini a sayar da motar da daraja, ko ka mayar da ita lafiya da hannunka. Gara ka rasa mota da ka rasa amana.

Kai kuma mai mota, Maganar Allah ba ta ƙyale ka ba. Shari'ar Musa ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi ne gida yake ci. Motar nan ita ce dutsen niƙan direbanka. Haƙƙinka ne a biya ka, amma wanda ya biya wata ashirin ya yi tuntuɓe a biyu, kada ka mai da tuntuɓensa riba. In ya zo da gaskiya, ka saurare shi, don kada ka koya wa sauran cewa faɗin gaskiya asara ne.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mai bashi a wuya ƙarfin hali ya fito da gaskiya, ka ba mai bin bashi zuciyar jinƙai, ka kuma tanada wa gidajensu abincin yau. Cikin sunan Yesu, Amin.