Barzillai Ya Koma Gida: Ikkilisiya Da Tsofaffin Da Ciwon Mantuwa Ya Kama

Nassi: 2 Sama'ila 19:31-40, Markus 7:9-13, Ishaya 46:3-4

Sa'ad da sarki Dawuda ya gudu daga Urushalima saboda tawayen ɗansa Absalom, ya haye Kogin Urdun ya sauka a Mahanayim, shi da jama'arsa a gajiye, ga yunwa ga ƙishi. Cikin mutum uku da suka tarye shi da shimfiɗu da kwanoni da hatsi da zuma da tumaki, akwai wani attajiri daga Rogelim ta ƙasar Gileyad, sunansa Barzillai (2 Sama'ila 17:27-29). Da tawaye ya ƙare, sarki ya so ya rama alheri, sai ya gayyace shi su tafi fada tare domin ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Barzillai kuwa yana da shekara tamanin. Ya nuna wa sarki cewa harshensa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina kama muryar mawaƙa, zuwansa fada kuma kaya ne kawai zai zama. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya koma garinsu, ya ƙare kwanakinsa kusa da kabarin iyayensa.

Nassi bai ce Barzillai yana da ciwon mantuwa ba, kada kuwa mu ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba. Abin lura shi ne halin Dawuda. Shi ne sarki, shi ne mai ba da kyautar, nufinsa kuma mai kyau ne, duk da haka ya saurari tsohon, ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya bar shi ya koma inda ya saba. Da yawa daga cikinmu a nan Bauchi muna da nufin Dawuda, amma ba mu da kunnensa. Ɗa ya samu aiki, ya gina gida a Yelwa ko Gwallameji ko Rafin Zurfi, sai ya ɗauko tsohuwarsa daga Bogoro ko Dass ko Tafawa Balewa domin ta huta. Ba a yi wata biyu ba, sai Mama ta fara ɗaure kayanta kowace yamma tana cewa za ta tafi gida. Ta ci tuwo, ta ce an hana ta abinci. Ta ajiye kuɗinta ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Wata rana a nema ta a rasa, sai a tsince ta wajen kasuwar Wunti ba ta san hanyar komawa ba. Daga nan sai raɗa ta fara, raɗar kuwa ba ta wuce kalma ɗaya: mayya.

A nan nake so in daɗe, gama zunubi ne da ya shigo har cikin majami'a. An sha kai irin waɗannan tsofaffi gidajen addu'a, a sa su azumi, a kewaye su da ihu har sai sun “tuba”. Idan tsohuwar ta amsa cewa ita ce ta ci jikanta da ya rasu, sai a ce ga shi, ta faɗa da bakinta. 'Yan'uwa, mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta raunana yakan amsa duk abin da aka nanata masa, yakan kuma cike gurbin abin da ya manta da labarin da bai taɓa faruwa ba, ba tare da ya san ƙarya yake yi ba. Rikicewar da takan tsananta da magariba, wadda mutanenmu ke danganta ta da iskoki, likitoci sun san ta sarai a jikin masu wannan ciwo, a Jamus da Japan kamar yadda take a Bayara. Fita da dare, magana da waɗanda suka daɗe da mutuwa, tuɓe tufafi a gaban mutane, duk alamu ne na ciwo. Wanda ya karɓi irin wannan “shaida” ya yanke hukunci a kanta ya karya doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur, ya kuma karya ta biyar, wadda ta umarce mu mu girmama iyaye. Me ya sa kullum tsohuwa ce, gwauruwa, matalauciya? Ban taɓa jin an ja wani attajiri zuwa gidan addu'a saboda ya manta sunan direbansa ba.

Kakanninmu suna kiransa gigin tsufa, suna ɗaukarsa abin da kowane tsoho zai tarar. Ba haka ba ne. Tsofaffi da yawa sukan kai shekara casa'in da hankalinsu garau. Likitoci suna kiransa dimenshiya, wato lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har tunani da magana da sanin hanya su gagara. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa, wanda yanzu ake kira da sunansa. Shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Wani irin kuma yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin tamu.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Ibadan, waɗanda suka haɗa da Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka shiga bincike tare da takwarorinsu na birnin Indianapolis a Amurka, suna gwada tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen Amurka. Sun sami ciwon a jikin kimanin mutum biyu cikin ɗari a Ibadan, takwas cikin ɗari a can. A Jos, binciken da aka buga a 2006 ya sami kimanin shida cikin ɗari, na Zariya kuma a 2011 ya sami kusan uku. Wani nazari na 2019 da ya tattara binciken ƙasar nan ya ƙiyasta cewa masu ciwon sun tashi daga kimanin dubu 63 a 1995 zuwa fiye da dubu 300 a 2015. Ikkilisiyar da take da tsofaffi ɗari a kujerunta, to, ta sani akwai biyu ko uku ko fiye a cikinsu, sai dai idan an riga an kulle su a ɗaki.

Har yau ba a sami maganin da yake warkar da shi ba. Akwai ƙwayoyin da sukan rage alamu na ɗan lokaci, amma duk wanda ya ce yana sayar da waraka, da kwalba ko da man shafawa, kuɗinka yake so. Duk da haka a kai tsoho asibiti da wuri, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru na jiha, domin akwai abubuwan da suke kama da wannan ciwo alhali suna jin magani: ciwon mafitsara, ƙarancin wasu sinadarai a jini, ciwon damuwa, ko haɗa magunguna barkatai. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ta gaggawa ce, ba ta jira sai an gama azumin kwana bakwai. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne; Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14).

Wurin da bincike ya fi ba mu abin riƙewa shi ne yadda ake kulawa, abin da ya gano kuwa ya yi kusa ƙwarai da abin da Dawuda ya yi. Mai wannan ciwo yakan rasa sabon abu kafin tsohon. Abin da ya faru da safe ya ɓace, amma gonar ubansa da waƙoƙin da ya koya a ajin baftisma suna nan. Saboda haka sauya masa gari ko ɗaki yakan ƙara masa ruɗewa. Idan akwai mai riƙonsa na kirki a ƙauye, sau da yawa ya fi kyau a bar shi can, 'ya'ya su riƙa aikawa suna kuma zuwa. Idan dole ne a kawo shi birni, a kawo shi da tabarmarsa da kujerarsa da ƙwaryarsa, a tsayar masa da lokacin ci da na kwanciya. Wani abin kuma: wanda ya koyi Hausa da girmansa yakan koma harshen da ya sha a nono. Kaka ta koma Zaar ko Jaranci, jikoki kuwa Hausa da Turanci kaɗai suka iya, sai su ce tana surutai. Ba surutai take yi ba, mai amsa mata ne babu. A cikin ikkilisiya akwai wanda yake jin harshen. A nemo shi ya riƙa zuwa hira.

Gardama da mai ciwon ba ta da amfani. Idan Baba ya tambayi matarsa da ta rasu shekara goma, kana gaya masa ta mutu sabon makoki ka buɗe masa, gobe kuma ka sake. Ba na cewa a yi ƙarya. Ana iya cewa, “Baba, kana kewarta ko? Ba ni labarin ranar aurenku.”

A Ingila an tsara wata hanya ta motsa ƙwaƙwalwa: tsofaffi kaɗan su zauna tare sau biyu a mako har mako bakwai, zama 14 ke nan, suna waƙa, suna tuna da, suna taɓa kayan da suka saba da su, suna hirar abinci da farashin kasuwa. An tarar tana taimaka wa tunani da magana a farkon ciwon da tsakiyarsa. Masu bincike sun gyara ta domin tsofaffin da ba su yi karatu ba, suka gwada ta a Lalupon kusa da Ibadan da gundumar Hai ta Tanzaniya. Ku dubi kayan aikinta: ɗaki, kujeru, waƙa, da mutane masu haƙuri da aka horar. Wace majami'a ce a Bauchi ba ta da ɗakin da yake kulle daga Litinin zuwa Juma'a? Zumuntar Mata da 'yan Sabon Rai za su iya ɗaukar wannan idan ma'aikatan lafiya na cikinmu suka koya musu.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, yawan shan giya, rashin karatu tun yarinta, kaɗaici, raunin gani da raunin ji. Barzillai ya ce ba ya jin mawaƙa. Tsohon da ba ya ji yakan janye daga mutane, kaɗaici kuma ya ƙara cinye shi. Awon jini bayan sujada, da kai tsoho a duba masa ido da kunne, hidima ce ta ikkilisiya kamar tara baiko.

Sai mai jinya. Yawanci mace ɗaya ce, 'ya ko matar ɗa, ba ta barci, ta bar sana'arta, ana kuma zarginta da sata a kan aikin da ba wanda ya gode mata. A Landan an gwada wani shiri da masu jinya 260, inda aka zauna da wasunsu sau takwas ana koya musu fahimtar ciwon da yadda za su huta. Bayan shekara shida an tarar damuwarsu ta yi ƙasa da ta waɗanda ba su shiga ba. Sauran 'ya'yan fa? Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun ƙyale mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah ya bar iyayensa hannu wofi. Wanda ya yi alkawarin buhun siminti hamsin a ranar ƙaddamar da gini, alhali ƙanwarsa ita kaɗai take wanke tsohuwarsu ba ko kuɗin sabulu, wannan tsautawar tasa ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa su kira iyali su raba kwana da kuɗi, ikkilisiya kuma ta tura mai zama da tsohuwa ko da yini ɗaya a mako, domin mai jinya ta je kasuwa, ta zo sujada, ta yi barci.

Akwai tambayar da iyalai suke jin nauyin yi wa fasto. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana wa'azi, yau bakinsa yana fitar da ashar, bai san sunan Yesu ba. Ya rasa cetonsa ke nan? A'a. Ashar ɗin daga ɓangaren ƙwaƙwalwa ne da ya lalace, wanda dā yake tsare harshe. Cetonmu bai taɓa rataya a kan ƙarfin tunawarmu ba. A Ishaya 46 Ubangiji ne ya ɗauki alkawarin goyon mutanensa tun daga ciki har furfura, Bulus kuma da ya lissafta abubuwan da ba su da ikon yanke mu daga ƙaunar Allah bai bar wata ƙofa a buɗe ba (Romawa 8:38-39). Don haka kada a cire sunansa daga littafin ikkilisiya, kada a sa shi ƙarƙashin horo. A kai masa Jibin Ubangiji gida muddin yana iya haɗiya, da gajeriyar addu'a da tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ba sabuwa ba. Sau da yawa wanda ya kasa faɗin sunan ɗansa yakan bi baitin har ƙarshe.

Game da masu fita su ɓace, ɗaurewa da kulle ɗaki sukan ƙara musu tsoro da faɗa. A ɗinka lambar wayar ɗa a cikin rigarsu, a bar fitila a hanyar bayi da dare, a fita da su yawo da la'asar kafin rikicewar magariba ta taso. A kuma cire kunya a gaya wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, da mai shagon bakin layi da masu keke-napep na unguwa, cewa Mama ba ta da lafiya, duk wanda ya gan ta ita kaɗai ya riƙo hannunta ya kawo ta gida.