Rufin Asiri Ne, Ko Kuwa Ɓoye Amana?

 

A cikin lungunan birnin Kano, daga Yakasai har Mandawari, akwai gidajen da ke da yaro wanda baƙo bai taɓa gani ba. Jikinsa ƙalau, amma ya shekara biyar bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, in an kira sunansa kamar bai ji ba, ƙarar injin niƙa kuwa takan sa ya toshe kunne yana kuka. Da an yi sallama a zaure sai a kai shi ƙuryar ɗaki. Idan ka tambayi maigidan, ya ce rufin asiri ne. To, abin tambaya a nan shi ne: wannan shi ne rufin asirin da addini ya yi horo da shi?

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, waɗansu kuma a Hausance sukan ce galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya nazarci yara 11. Bincike ya nuna cewa bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado kuma yana da babban hannu a ciki. Sakacin uwa bai kawo shi ba, allurar rigakafi ma haka. Babu maganin da ke kawar da shi, amma koyarwa tun da wuri tana taimako ƙwarai. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu domin tunawa da masu shi.

Shari'a ta yi umurni da suturce aibin Musulmi, watau laifin da ya aikata a ɓoye. Yaron nan kuwa wane laifi ya yi? Malamanmu sun ce taklifi yana rataye ne a kan hankali. A cikin irin waɗannan yara akwai wanda zai haddace Alƙur'ani ya riƙe sana'a, akwai kuma wanda aka ɗauke wa alƙalami. Ko wane ne daga ciki, halittar Allah ce, ba abin kunya ba. Suratu Abasa ta sauka ne saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladani, har Annabi, sallallahu alaihi wasallam, yakan wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. Imamu Muslim kuma ya ruwaito labarin wata mace mai raunin hankali da ta nemi ganawa da Annabi, ya tsaya da ita a bakin hanya har ta gama faɗin bukatarta.

Tarihin birninmu ma shaida ne. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa nasiha, ya gargaɗe shi a kan kange kansa daga talakawa, ya hore shi da sauraron masu rauni da kansa. Kano ta daɗe tana da Sarkin Makafi, makafi kuma an san su da tufkar igiya. Kakanninmu ba su kulle makaho a ɗaki ba, sun ba shi suna da matsayi a cikin gari. Yaya za a yi mu kasa yi wa wannan yaro haka, don kawai lalurarsa ba a ganinta da ido?

Wanda ɓoyon nan ya fi cuta bayan yaron, ita ce uwarsa. Ita ke kwana a farke, ita dangin miji ke zargi, wani lokaci har a sake ta. Ya kai maigida, ka ji tsoron Allah. Ka kai ɗanka a duba shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko waninsa, ka haɗa da addu'a, domin neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Amma duka ko ɗaure yaro da sunan fitar da aljani zalunci ne. Dokar ƙasa da aka sa wa hannu a 2019 ma ta hana nuna wa masu lalura bambanci.

Ku kuma maƙwabta, amanar har da ku. Malamin allo ya ba shi wuri a gefe, ya ajiye bulala. Liman ya yi haƙuri da motsinsa a sahu. Mai unguwa ya tsawata wa yaran da ke binsa da kiran mahaukaci. Matan lungu su karɓe shi ko da yini guda, uwar ta samu ta runtsa. Wannan shi ne rufin asiri na gaskiya.

Allah Ya ba iyayen nan ladan haƙuri, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.