Ba kowace citta da aka binne ke tsirowa ba

Da farkon damina, tsakanin Gwantu da Kafanchan, za ka ga gonakin citta an lulluɓe su da ciyawa da ganye. Manomi kan kakkarya iri gunduwa-gunduwa, ya duba kowace tana da ido, ya binne, ya rufe, ya jira. A kunya ɗaya, wata ta huda ƙasa, wata ta ruɓe. Wanda ya ga yadda cutar citta ta 2023 ta bar manoman Kudancin Kaduna da yawa ba ko irin shuka, ba ya ɗora wa ƙasa laifi sai ya fara bincikar irinsa.

In zancen haihuwa ne kuwa, wannan hankalin sai ya gudu. Tun 1998, da aka haifi jaririyar dashe a asibitin Nisa na Dokta Ibrahim Wada, ma'aurata ke sayar da fili su nufi Abuja. Dashen shi ne a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 ko 5 a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Bayan mako biyu, in gwaji ya nuna babu, nan take hukunci ya fito daga bakin uwar miji: "Mahaifarta ba ta riƙe ciki." Wata ta ce ai an gan ta a kan mashin, ko tana ɗaga bokiti.

Mahaifa na da nata rabon, gaskiya ne. Likitoci na son kaurin shimfiɗar cikinta ya kai kamar milimita 7. Ƙarin da ya kutso cikinta yana hana ɗan tayi zama, kuma ƙari ya yi yawa a matanmu. Bututun ƙwai da ya toshe ya tara ruwa kan rage damar da kusan rabi, shi ya sa ake cire shi ko a ɗaure shi kafin dashe.

Amma babban dalilin rashin kamawa yana jikin ɗan tayin ne. Sau da yawa ƙwayoyin halittarsa ba su zo daidai ba, ko da ya yi kyau a madubin likita. Wannan na ƙaruwa bayan mace ta wuce 35, kuma a shekara 40 fiye da rabin 'yan tayin haka suke. Maniyyin miji ma na ciki, musamman mai shan taba. Kwanciya kuwa, wadda ake tilasta wa mata har baya ya ƙage, bincike bai nuna tana ƙara komai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da ake zubarwa. Mace ta yi aure tana 24, a yi shekara goma ana yawo da ita tsakanin masu saiwa da masu addu'a, maigida kuma ya ƙi gwajin da ba ya cin sa rabin wuni. Ranar da suka isa gaban likita, kafin ya auna komai, shekarunta zai fara tambaya.