Baƙin Tabon da Ke Gindin Injin Ban-Ruwa

Duk wanda ya ratsa fadamun Guri lokacin noman rani zai lura da wani baƙin tabo mai maiƙo a gindin injin ban-ruwa, wurin da ko ciyawa ba ta fitowa. Nan ake juye. A tsiyayar da tsohon baƙin mai a ƙasa, a zuba sabo, a ci gaba da ba tattasai da shinkafa ruwa.

Manomi mai son tsafta kan tara karmami a kan tabon ya cinna wuta, a ganinsa ya gyara wuri. Niyyarsa mai kyau ce, amma man yana nan. Wani ya tashi hayaƙi ya shiga ƙirjinsa, saura kuwa ya riga ya nutse inda wuta ba ta kaiwa. Ranar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, sai ruwa ya kwashe shi zuwa inda masunta ke jefa koma, shanu ke sha.

Su ma kamfanonin haƙar mai wani lokaci da zafi suke tsabtace ƙasar da mai ya ɓata, sai dai ba a fili ba. A rufaffen inji ake gasa ta, zafi ya kai wajen digiri 300, man ya tashi tururi, a sanyaya shi ya taru kamar gumi a murfin tukunya, a kwashe. Iskar da ta rage ma sai an tace ta kafin a sake ta. Kafin kuma a kafa irin wannan masana'anta, dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta a binciki illarta ga mutane da ruwa da iska, a baje rahoton jama'a su duba. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da mai ya ɓata zai iya kai shekara 25 zuwa 30.

Namu bai kai can ba, Allah ya kiyaye. Amma injuna sun yawaita, ruwan fadama kuma a kusa yake, haƙa kaɗan ka tarar da shi, shi ne a rijiyarmu. Babu kuma mai kawo mana wancan injin ya gasa ƙasar Guri.

Ɗan'uwa manomi, ranar juye ka tara tsohon galan a ƙarƙashin injin, ka toshe bakinsa, ka kai wa bakanike. Kada ka zubar, kada ka ƙone.