Doguwar Suma da Kwanon Awo

'Yar uwa, idan kin taɓa zama a ƙauye kin san babu lokacin da ya kai ƙarshen kaka daɗi. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ce ake kan yanka, wake kuwa an gama roro, an ɗaure harawa an ɗora a kan rassan bishiya don kada awaki su kai gare ta. Duk gidan da kika leƙa ƙarar turmi ce, wannan na sussuka waccan na sheƙa, ƙaiƙayi ya bi iska ya shiga wuyan kowa. Da asuba hazo ya fara sauka, ruwan randa ya yi sanyi har sai kin daure kafin ki sa hannu, dunduniya ta fara faso ana neman man kaɗanya. Fulani sun matso da shanunsu bakin gonaki suna jiran a kwashe amfani su shiga cin kara, wani lokacin ma ba sa jira, sai ki ji ana ta ka-ce-na-ce a ƙofar mai gari. Samari na lissafin kuɗin aure, waɗanda nasu bai kai ba suna ɗaure kayan tafiya ci-rani.

Amma aikin da ya fi kowane yawa a wannan lokaci shi ne awo. Ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Ana ware na ci, ana ware iri, ana ware na kasuwa. Sannan ana auna bashi, wanda aka ci tun tsakiyar damina aka ce sai kaka. Ki riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

To da yake sanyi na korar mutane ɗaki tun bayan isha'i, sai dare ya yi wa mutum tsawo. A irin waɗannan darare ne na duƙufa karanta labaran mutanen da suka kai bakin mutuwa suka dawo. Mu nan muna da sunan abin tun iyaye da kakanni, wato doguwar suma. Da wuya ki sami garin da babu labarin wani da aka ce ya cika, aka ja masa zane, har an aika a fara haƙa, sai kawai ya yi atishawa mata suka watse da gudu. Mu labari muka bar shi na hira, Turawa kuwa sai suka ɗauko takarda da alƙalami suka bi mutanen suna tambayarsu me suka gani.

Wanda ya fara yin fice a wannan fanni wani Ba'amurke ne mai suna Raymond Moody, wanda ya karanci falsafa kafin ya koma karatun likita. A 1975 ya fitar da littafinsa mai suna Life After Life, wato rayuwa bayan rayuwa, inda ya tattara labaran mutane kimanin 150. Abin da ya ba shi mamaki shi ne mutanen ba su san juna ba amma bakinsu na zuwa ɗaya. Wannan ta ce ta ji likita na cewa ta mutu. Wancan ya ce ya tsinci kansa a sama yana kallon gangar jikinsa a kan gado ana danna masa ƙirji. Da yawa sun ce sun bi ta wani lungu mai duhu, suka tarar da haske wanda ba ya kashe ido, suka ga 'yan uwansu da suka riga su, sannan suka zo wata iyaka aka ce su koma. Kusan dukkansu kuma sun ce babu kalmar da za ta iya ɗaukar abin.

Bayansa likitoci suka ce a bar jin ta bakin wanda ya kawo kansa, a je asibiti a tambayi kowa. Wani likitan zuciya na ƙasar Holan, Pim van Lommel, shi da abokan aikinsa suka bi mutane 344 a asibitoci 10, waɗanda zuciyarsu ta tsaya cak aka farfaɗo da su. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a 2001. Mutum 62 ne suka ce sun ga wani abu, wato 18 cikin ɗari. Sauran 282 ba su tuna komai ba, duhu ne kawai sai farkawa.

Yanzu tambayar da na san tana bakinki: shin lahira suka leƙo? Ni dai a nawa ganin bai kamata mu ce haka ba. Dalili na farko a fili yake, ai ba su mutu ba. Wanda ya mutu shi ne wanda aka kai aka baro, kuma abin da muka taso muna ji wurin malamai ke nan, rai in ya fita ya fita. Tsayawar zuciya na 'yan mintoci a hannun likita wani abu ne daban. Wanda ya tsaya a zaure bai isa ya ba da labarin uwar ɗaka ba.

Na biyu, kowa abin da ya taso da shi yake gani. A 1986 wasu masu bincike biyu, Satwant Pasricha da Ian Stevenson, sun rubuta labaran mutum 16 a Indiya. Su nasu ya sha bamban. Da yawansu cewa suka yi wasu 'yan aike ne suka zo suka tafi da su gaban wani mai riƙe da littafi, ya duba ya ce kai, ba wannan aka ce ku kawo ba, wani ne mai irin sunansa, ku mai da shi. Haka kuwa yake a cikin labaran addininsu. Kin ga ke nan ko ma mene ne abin, da rigar gida yake zuwa wa mutum.

Har gwaji an yi. Wani likita mai suna Sam Parnia ya jagoranci bincike a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya, aka kafa kantoci can kusa da rufi aka ɗora hotuna suna kallon sama, yadda sai wanda ya tashi sama da gaske ne zai gan su. Da sakamakon ya fito a 2014, cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya babu wanda ya dawo ya faɗi hoto ko ɗaya. Biyun da suka ce sun ga abin da ake yi musu, a ɗakunan da babu kanta abin ya same su, don haka gwajin bai raba gardama ba. A wani gefen kuma masu bincike a jami'ar Michigan sun gano a 2013 cewa ƙwaƙwalwar ɓera takan yi wani irin tashi mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 na farko bayan zuciya ta tsaya, kamar fitilar da ke ƙara haske gab da man ta ya ƙare. Shi kansa Moody ya faɗa a littafinsa cewa ba hujjar rayuwa bayan mutuwa ya kawo ba. Saboda haka in aka turo miki muryar wata a waya tana cewa ta je ta ga wuta ta ga su wance a ciki, don Allah ki yi hattara, musamman in su wancen duk kishiyoyinta ne da maƙwabta.

To me ya hana ni ajiye karatun tunda na ce ba lahira ba ce? Abu ɗaya ne. A cikin masu dawowar akwai waɗanda suka ce an bijiro musu da rayuwarsu gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ba su da yawa, a binciken Holan mutum 8 ne kacal cikin 62. Amma abin da suke faɗa ya tsaya mini a rai. Abubuwan da mutum ke taƙama da su ba su ne suka fi fitowa ba, sai ƙananan da ya manta: maganar da ya yaɓa wa wani, yaron da ya kora, ruwan da ya ba baƙo. Wasunsu ma sun ce ba kallo kawai suka yi ba, sun ji abin daga cikin ƙirjin ɗaya mutumin. Wanda ya yi marin shi ya ji zafin a kumatunsa, ya ji kunyar, ya ji yadda wancan ya kwana.

Ko mafarki ne, wannan mafarkin ya yi tambaya mai nauyi. Mu dawo kan kwanon awo.

Kin san yadda ake yi. Tsakiyar marka, wajen watan Agusta, rumbun talaka ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Mace ta yafa mayafi bayan magariba don kada a gan ta, ta shiga gidan wadda Allah ya hore wa, ta yi ta kewaye-kewayen gaisuwa kafin ta iya faɗin abin da ya kawo ta. Aka auna mata tiya biyar, in kaka ta yi ta kawo goma. Ta yi godiya har ƙasa, don yara sun kwana biyu sai tafasasshen ganye. Yau ga kaka ta yi, lokacin biya ya zo.

Ba zan zalunci mai ba da bashin ba, tana da nata zancen kuma ba shirme ba ne. Za ta ce miki da ta sayar da tiya biyar ɗin nan a watan Agusta, kuɗin zai iya saya mata kusan goma yanzu da hatsi ya faɗi, to ina cutar? Za ta ce ita ma ba daga sama ta samu ba, ƙuli-ƙuli ta soya, mai ta matsa, ta tara ta saya ta adana, ta yi ta fama da gara da ɓera. Za ta ƙara da cewa in ba don ita ba wa zai ba su? Masu wa'azin a bar riba ai ba su buɗe nasu rumbun ba ranar da matar ta zo. Wannan ta ƙarshen tana da zafi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Hukuncin hatsi da hatsi da ƙari kuwa malamai sun yi bayaninsa, ba sai na maimaita ba, kowa ta sani.

Ni abin da nake tambaya daban ne. A ce a juya ki, ki shiga ƙirjin waccan matar ranar biya. Ɗan abin da mijinta ya noma da ma ba zai kai su bazara ba. An fitar da zakka in ya kai, an biya kuɗin taki, an biya mai shago. Yanzu ga tiya goma za ta fita, kuma da kwanon mai bashi za a auna, wanda ake kare bakinsa da hannu har hatsi ya yi tsororuwa, alhali ranar da aka ba ta a shafe aka auna. Tana kallon kwanon na shiga na fita, tana lissafin kwanakin tuwon da ke tafiya. Kuma ta sani sarai baɗi war haka mayafin nan za ta sake yafawa ta koma gidan nan, don ramin da goman ta bari shi zai mai da ita. Shekara uku, huɗu, sai ki ji an jinginar da gona, ko an aurar da yarinya ba don lokacinta ya yi ba.

Wata za ta ce ai da ni ma zan yi doguwar suma in ga abin da suka gani, da na canza. Ban yarda ba. Su van Lommel sun koma wurin mutanen nan bayan shekara 2, suka sake komawa bayan shekara 8. Gaskiya ne waɗanda suka ga wani abu tsoron mutuwa ya ragu a zukatansu, sun ƙara tausayi da damuwa da iyali. Amma canjin bai zo dare ɗaya ba, shekaru ya ɗauka yana zama, wasunsu ma sun sha kaɗaici don in sun ba da labari sai a yi musu kallon masu taɓin hankali. Su ma waɗanda ba su ga komai ba, da aka koma bayan shekara 8 an tarar sun canza ta wasu fuskoki. Wato ganin ba ya ɗauke wa mutum aikin gyara halinsa.

Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, mu mata ba sanin ne ya yi mana ƙaranci ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa tsayawa a ƙofar wata da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi ba, ko na gishiri ne, ko kuɗin maganin yaro? Wace ce ba ta san yadda harshe ke nauyi a wannan lokacin ba? Abin da mutanen can suka ce sai da zuciyarsu ta tsaya suka ji, mu da ranmu da lafiyarmu mun san shi. Hajiyar da ke ba da biyar ta karɓi goma ta fi kowa sani, sau da yawa ita ma daga nan ta taso.

Shi ya sa za ki lura ba ta zuwa karɓa da kanta. Ranar bayarwa ita ce da kanta a bakin buhu, tana amsa godiya. Ranar karɓa kuwa yarinya ake aikawa, 'yar shekara goma, a ɗora mata ƙwarya da kwanon awo a ce je ki gidan wance ki ce in ji Inna kaka ta yi. Yarinyar ce za ta tsaya a tsakar gidan mutane tana wasa da bakin zane, ita za ta ga matar ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, ita za ta ga yaran gidan sun daina wasa sun zuba wa kwanon ido. In ta dawo da kaya niƙi-niƙi a ka, uwar ta taimaka mata ta sauke, ba za ta tambaye ta yaya ta baro su ba. Hannu za ta tura cikin dawar ta duba ko da tsakuwa, sannan ta ce, "Kin dai ƙirga da kyau ko? Goma ce cif?"