Ko Akwai Kiɗan Da Bai Dace Da Bishara Ba?

Karatu: Zabura 150, Amos 5:21-24, 1 Korantiyawa 14:7-9.

A shekara ta 1986 waɗansu samari huɗu Kirista na jihar Kalifoniya a Amurka, masu suna Stryper, suka fitar da faifan waƙoƙinsu, To Hell with the Devil. Kiɗansu na rok ne mai tsananin ƙara, da jita ta lantarki da ganguna, irin wanda mutane da yawa suka sani tare da shaye-shaye da lalata. Amma kalmominsu na ceton Yesu ne. Sukan rubuta Ishaya 53:5 a ƙarƙashin sunansu, sukan jefa wa taro Littafi Mai Tsarki daga kan dandamali. Aka sayi faifan fiye da miliyan ɗaya.

Sai gardama ta tashi cikin ikklisiya. Mai wa'azi Jimmy Swaggart ya tsine wa irin wannan kiɗa, ko da shi ke ta wurin wa'azinsa ne iyalin biyu daga cikin samarin, Michael da Robert Sweet, suka ba da gaskiya.

Ina gaskiyar al'amarin? Mu tuna da ƙwarya. Wadda aka sha giya da ita, idan an wanke ta, ana iya ba mai ƙishi ruwa a ciki. Zabura 150 ta kira kuge masu ƙara su yabi Ubangiji. Mu kanmu muna da abin tuba, gama waɗansu mishan da suka riga mu sun hana ganga a sujada, suna tsammani ta tsafi ce, ga shi yau da ita mata zumunta ke yabo.

Duk da haka akwai gargaɗi biyu. Ta bakin Amos, Allah ya ƙi waƙoƙin Isra'ila domin sun rasa adalci, ko da shi ke waƙoƙin sujada ne. Bulus kuma ya koya mana cewa ƙahon da ba a gane muryarsa ba ya shirya kowa domin yaƙi. Idan ƙara ta haɗiye magana, ko kuwa taro ya koma gida yana yabon mawaƙi, ƙwaryar ta iso hannu ba ruwa.

Saboda haka kada mu yi saurin hukunta kiɗa domin baƙo ne ga kunnenmu, kada kuma mu karɓe shi domin yana jawo jama'a. Mu duba 'ya'yan da ya haifa.

Tambayoyi
1. Wane kiɗa ne dattawanmu suka ƙi a dā? Don me?
2. Cikin waƙoƙinmu na Lahadi, wa ke karɓar yabo?